RA'AYI: A Cinikin Hedifon, Ji Ya Kori Gani



Na san wani malamin zai tsaya gaban allon nan, ya ga kan maganar, ya girgiza kai ya ce, "Duk abubuwan da ke damun makarantar nan ba su ga na rubutawa ba sai kayan buga gem?" Malam, a yi haƙuri a karanta zuwa ƙarshe. Ko mun rubuta ko ba mu rubuta ba, da yawa daga cikinmu muna buga gem idan mun koma gida, kuma wasunmu na tara kuɗi don sayen hedifon mai tsada. Tunda za a saya, gara a saya da ilimi. Abu biyu ne a kan layi: kuɗin da aka sha wuya aka tara, da kunnen da ba a sayar da madadinsa a kasuwa.

Bari in fara da abin da ya sa na ɗauki biro. A dogon hutun da ya wuce, abokina da muke zama benci ɗaya ya yi sati shida yana guga da sa maɓalli a shagon ɗinkin kawunsa. Duk abin da aka ba shi sai ya jefa a asusu. Burinsa ɗaya ne, ya mallaki irin katon hedifon ɗin da yake gani a kan masu buga gem a YouTube. Ranar da ya fasa asusun ya tafi kasuwa shi kaɗai, ya zaɓi wanda ya fi kowanne walƙiya, mai fitilu ja da kore, an rubuta 7.1 da manyan lambobi a jikin kwalin. Bai gwada ba, domin mai shagon ya ce ba a buɗe sabon kaya. Da ya iso gida sai ya tarar igiyar kai uku gare ta, duka na kwamfutar tebur ne, shi kuwa da waya yake wasa. Ya sake fitar da kuɗi ya sayi mahaɗi, sauti ya fito, amma makirfo ya ƙi aiki. Ya mayar, aka ce ai ya riga ya buɗe kwali. Kafin zangon karatu ya ƙare fatar kunnen ta fara ɓarewa tana manne masa a gashi. Yau hedifon ɗin na rataye a ƙusa, shi kuma ya koma kan tsohon iyafis ɗinsa.

Ban kawo labarin don a yi masa dariya ba, don da ni ne ma abin da zan yi ke nan. Ra'ayina a taƙaice shi ne: hedifon mai daraja shi ne wanda ya dace da na'urarka, ya dace da kanka, ya dace da aljihunka, kuma ya bar ka da jinka. Hausawa sun ce gani ya kori ji, amma a wannan ciniki ji ne ya kori gani. Ga tambayoyin da nake ganin ya kamata kowa ya yi kafin ya miƙa kuɗinsa.

Tambaya ta farko: a ina za ka soka shi?

Kafin ka kalli hedifon, kalli wayarka ko kwamfutarka. Ƙaramin ramin nan zagayayye da muka saba da shi faɗinsa milimita 3.5 ne. Tun da kamfanin Apple ya cire shi daga iPhone 7 a shekarar 2016, manyan wayoyi da yawa sun bi sahu, ko da yake yawancin wayoyi masu sauƙin kuɗi har yanzu suna da shi. Idan wayarka na da ramin, duba bakin igiyar hedifon ɗin ka ƙirga baƙaƙen zobban da ke jikin ƙarfen. Zobe biyu na sauti ne kawai. Zobe uku shi ne mai ɗauke da sauti da makirfo a tare, kuma shi ne ke aiki da waya da yawancin kwamfutocin tafi-da-gidanka na yanzu. Kwamfutar tebur kuwa galibi rami biyu gare ta, kore na sauti da ruwan hoda na makirfo, don haka sai da mahaɗi mai rassa biyu.

Idan wayarka ba ta da ramin, sai ka bi ta wurin caji, wato USB-C a yawancin wayoyin yanzu. A nan ma a yi hattara, domin wasu wayoyin ba sa fitar da sauti ta nan sai da mahaɗin da ke da ɗan ƙaramin injin sarrafa sauti a cikinsa. Wanda ya sayi mahaɗi marar injin zai yi ta jujjuya shi yana zargin hedifon, alhali laifin ba nasa ba ne. Magani ɗaya ne: tafi kasuwa da wayarka a hannu, a gwada a gabanka, ka kira wani ka tabbatar yana jin muryarka. Duk mai shagon da ya ƙi yarda a gwada ko ya ba da rasit da sharaɗin mayarwa, to cinikin biri a sama yake so ka yi.

Tambaya ta biyu: mai igiya ko marar igiya?

Kowa na sha'awar marar igiya, amma marar igiya iri biyu ne, kuma da yawanmu ba mu san bambancinsu ba. Akwai mai amfani da Bluetooth, akwai kuma mai zuwa da ɗan ƙaramin abin sokawa kamar filasha, wanda ke aiki a zangon 2.4 GHz. Bluetooth na da kyau wajen sauraren karatu ko labarai, amma yana da jinkiri. Sautin kan makara da kusan kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa a na'urori da yawa. Za ka ce ai wannan ba komai ba ne. To, ka taɓa hango mai faskare daga nesa, ka ga gatari ya sauka sannan daga baya ka ji ƙarar? Sauti na tafiyar kusan mita 340 a daƙiƙa ɗaya, don haka wannan jinkirin daidai yake da a ce abin yana faruwa ne kusan mita 70 daga inda kake. A wasan da ke nuna hoto 60 a daƙiƙa, hotuna 12 sun wuce kafin kunnenka ya samu labari. Masu buga Free Fire, PUBG Mobile da Call of Duty Mobile sun san abin da hakan ke nufi: kafin ka ji takun abokin karawa, ya riga ya gama da kai. Ƙari a kan haka, da zarar ka kunna makirfo ta Bluetooth, ingancin sautin kan ragu ya koma kamar na kiran waya.

Mai abin sokawa ba shi da wannan jinkiri sosai, shi ya sa manyan hedifon na gem ke zuwa da shi. Amma ka duba bakinsa: idan babban USB ne irin na kwamfuta, ba zai shiga waya ba sai da wani mahaɗin. Sannan ka tuna duk marar igiya bawan batir ne. A garin da wuta ke zuwa lokacin da ta ga dama, ka ƙara wa kanka abin kai wa mai caji. Batir kuma yana tsufa, zafi na ƙara saurin tsufansa, kuma a yawancin hedifon ba a canza shi cikin sauƙi. Mai igiya ba ya jinkiri, ba ya neman caji, kuma a kuɗi ɗaya yakan fi marar igiya kyan sauti, domin ba a kashe rabin kuɗin a kan batir da na'urar aika saƙo ba. Ga ɗalibi, ni dai mai igiya nake ba shawara, musamman wanda igiyarsa ke cirewa. Igiya ce ke fara mutuwa a hedifon. Idan tana cirewa, sabuwa kawai za ka saya. Idan a manne take, sai ka nemi mai gyara ko ka yi asarar duka.

Tambaya ta uku: me lambobin kwali ke faɗa, me kuma suke ɓoyewa?

Ɗauki 7.1 ɗin da ya ruɗi abokina. Asalin ma'anarsa lasifika bakwai a kewaye da ɗaki, da guda ɗaya ta sauti mai kauri. Kusan duk hedifon kuwa lasifika biyu gare shi, ɗaya a kowane kunne. Abin da ake kira 7.1 a jikinsa manhaja ce ke kwaikwayon kewayen, kuma sau da yawa manhajar a kwamfuta kawai take aiki. Ke nan mai wasa da waya ya biya kuɗin abin da ba zai taɓa ji ba. Gaskiyar magana, Allah ya riga ya ba mu na'urar gane inda sauti ya fito. Ƙwaƙwalwa na auna wane kunne ne ya riga ji da wanda ya fi jin ƙarfi, ko da tazarar ba ta kai kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa ba. Wasannin zamani an gina su a kan wannan, don haka lasifika biyu masu tsabtar sauti sun wadatar.

Za ka kuma ga an rubuta milimita 40 ko 50, wato faɗin lasifikar. Girma ba shi ne daɗin murya ba, in ba haka ba da jaki ya fi kanari. Haka nan rubutun 20 zuwa 20,000 Hz iyakar abin da lafiyayyen kunnen matashi ke ji ne kawai, kuma mai araha da mai tsada duk suna rubuta shi. Lambar da ta fi amfani ga mai waya ita ce ta ohm. Kusan 32 waya na iya tura shi ba wahala, amma mai ɗaruruwa an yi shi ne don injinan situdiyo, a waya sai ka ji shi can ƙasa-ƙasa. Fitilu kuwa ba sa ƙara komai a sauti. Wuta kawai suke ci, kuma kai da ke sanye da shi ma ba ka ganin su. Kyan ɗan maciji ne.

Idan ka zo gwaji, kada dukan ganga mai girgiza ƙirji ya ruɗe ka. Kauri idan ya yi yawa yana binne ƙananan sautuka kamar taku da muryar abokin wasa. Kunna abin da kunnenka ya sani sarai, kamar karatun wani alaramma da ka saba saurare ko muryar mai karanta labarai a rediyo. Idan haruffa sun fito fes, ba ka jin muryar kamar daga cikin randa take fitowa, to ka samu mai kyau.

Tambaya ta huɗu: kanka zai iya ɗaukarsa?

Masu tallata waɗannan kaya a intanet yawanci a ɗaki mai sanyi suke zaune. Mu kuwa mun san watan Afrilu. Matashin kunne na fatar roba yana tare hayaniya da kyau, amma yana tara gumi, kuma zafi da gumi ne ke sa shi ɓarewa. Na yadi ya fi shan iska, sai dai ƙarar waje na ɗan shiga. Ko wanne ka zaɓa, tambayi ko ana cire matashin a sa sabo. Duba nauyi: wanda ya haura giram 350 sosai za ka ji shi a wuya bayan awa ɗaya. Duba sandar da ke bisa kai, mai ƙarfe a ciki ta fi roba zalla jure shiga jaka. Mai tabarau ya gwada da tabaransa. 'Yar uwa ki gwada a kan ɗankwali ko hijabin da kika saba sawa, domin wani yana matse kai. Minti ɗaya bai isa gwaji ba. Bar shi a kanka kuna ciniki, idan ka ji ka ƙosa ka cire tun kafin a daidaita farashi, to ya ba ka amsa.

Tambaya ta biyar, wadda ta fi duka: me zai bar maka na ji?

A cikin kunne akwai wasu ƙananan ƙwayoyi masu kama da gashi, su ne ke mayar da sauti saƙon da ƙwaƙwalwa ke ganewa. Ƙara mai yawa na kashe su, kuma a jikin ɗan Adam idan sun mutu ba sa sake tsirowa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗin cewa matasa fiye da biliyan ɗaya na cikin haɗarin rasa ji saboda yadda suke sauraren sauti. Ma'aunin ƙarfin sauti shi ne desibel. Hirar yau da kullum kusan 60 ce. A lissafin hukumar, babba zai iya sauraren desibel 80 na awa 40 a sati ba tare da cutuwa ba, yara kuwa 75 aka ba su. Idan ya kai 90, awa 4 ne kacal a sati. Idan ya kai 100, minti 20 ne, kuma na'urori da yawa na iya kai wa nan idan aka ƙure su. A watan Maris na 2025 hukumar tare da ƙungiyar sadarwa ta duniya, ITU, sun fitar da ƙa'ida ta musamman a kan sauraro cikin aminci ga masu buga gem. Wato maganar ta wuce faɗan iyaye a tsakar gida.

Wanda ya taɓa cire hedifon ya ji kunnensa na yin "ziii", ko ya ji muryoyin mutane sun dushe, to kunnen ne ke kai ƙara. Kada ka wuce kashi 60 cikin ɗari na ƙarfin sautin na'urarka, kuma ka riƙa cirewa kana hutawa. Idan na kusa da kai na jin abin da kake saurare, ya yi yawa. Idan ƙarar cikin kunnen ta ƙi tafiya, ka gaya wa iyayenka a je asibiti. Ka tuna da kunnen nan za ka ji darasi a aji, musamman idan a bencin baya kake. In kunne ya ji, jiki ya tsira. To idan kunnen ne ya tafi fa?

A nan ne hedifon mai kyau ke da hujja ta gaskiya. Abin da ke sa mu ƙure sauti sau da yawa hayaniya ce: janareton maƙwabta, injin niƙa, ƙannai na guje-guje. Wanda ya rufe kunne ruf yana rage wannan, sai ka ji komai ba tare da ka ƙara ba. Amma wannan alherin na da nasa sharri. Kada ka sa shi kana tafiya a titi cikin babura da Keke Napep. Kuma idan har Umma za ta kira ka sau uku ba ka ji ba, ko a kira sallah a idar kana can cikin wasa, to ka sayi abin da ya fi ƙarfinka.

To, masu tsadar fa?

Wani zai ce, "Kai dai ba ka da kuɗin ne, ai araha ba ta ado." Ban musa ba. Kamfanoni irin su HyperX, Logitech, Razer da SteelSeries sun yi suna ne don suna yin kaya masu kyau. Akwai Arctis Nova Pro Wireless na SteelSeries da ya fito a 2022, mai batir biyu, kana amfani da ɗaya ɗayan na caji, kuma yana iya haɗuwa da kwamfuta da waya a lokaci guda. Amma kuɗinsa lokacin da ya fito kusan dala 350 ne. Mafi ƙarancin albashi da aka amince da shi a Najeriya a 2024 naira 70,000 ne a wata. Ku yi lissafi da canjin yau, za ku ga albashin wani magidanci ne na watanni da dama. Wanda gem ta zama sana'arsa, yana shiga gasa ko yana samun kuɗi da ita, wannan kayan aikinsa ne kamar keken tela. Ni da kai da ke wasa awa ɗaya ko biyu a ƙarshen mako, kuma jarrabawar WAEC da JAMB na jiran mu da nasu kuɗin rajista, daidai ruwa daidai tsaki.

Bambancin da ke tsakanin na banza da matsakaici mai kyau babba ne, kowa zai ji shi. Bambancin da ke tsakanin matsakaici da mafi tsada ƙarami ne, kuma yawancinsa na jin daɗi ne kawai. Sannan duk inda suna ya yi tsada, jabu na biye da shi. Idan ka ga an rubuta babban suna amma farashin bai kai rabin na asali ba, kada ka ce ka yi sa'a. Ka duba shafin kamfanin ka ga ko akwai samfurin ma, ka kwatanta hoto da abin da ke hannunka. Gara matsakaici na gaskiya da babban suna na ƙarya.

Ina roƙon malamanmu, musamman na Fiziks da Bayoloji, idan an zo darasin sauti ko na kunne a kawo hedifon aji a yi misali da shi. Za ku ga har masu gyangyaɗi sun farka. Ranar 3 ga Maris kowace shekara ita ce Ranar Ji ta Duniya, kuma ƙungiyarmu ta 'yan jarida a shirye take ta ba da allon nan gaba ɗaya a ranar idan malamai za su ba mu bayani.

Ku kuma 'yan uwana, idan kun tashi saye, ku tafi da wayarku, ku tafi da aboki ko yaya wanda ya fi ku sani, ku gaya wa iyayenku nawa za ku kashe. Ku zaɓi wanda zai yi muku gem ranar Asabar, ya kuma yi muku darasin intanet da sauraren karatu sauran ranaku. Abokina ya sake fara tari, kuma ya ce wannan karon tare za mu je. Na ce masa na yarda, amma da sharaɗi ɗaya: idan aka ɗora masa a kai, ya rufe ido kafin ya ce ya saya.

Allah ya tsare mana jinmu da ganinmu, ya ba mu sa'ar jarrabawa. Mai ra'ayi daban ya rubuto, akwai fili a allon mako mai zuwa.

Daga ɗan uwanku na SS 2,
Ƙungiyar 'Yan Jarida ta Makaranta